Sa Hannu A Takarda: Da Biro, Da Yatsa, Da Waya

A wannan mako ina so mu yi magana a kan wani ɗan aiki wanda ba ya cin minti guda, amma yana iya raba mace da gidanta, ko gonar da ta gada, ko albashinta na shekara. Watau sa hannu a takarda. A da can mata kaɗan ne abin ya dama, domin maigida ko wa ko kawu shi ke tafiya ofis ya ƙare kome, ita sai dai ta ji labari. Yanzu kuwa zamani ya juya. Mace tana buɗe asusu a banki, tana karɓar rancen sana'a, tana kama hayar shago, ana kiranta kotu ranar rabon gado. Ko ina ta je sai an turo mata takarda, an nuna wani wuri da yatsa, an ce, "Hajiya, sa hannu a nan." Wani lokaci ma babu takardar, sai dai saƙo ya shigo waya a ce ta latsa.

Abin da ya kamata ko wace mace ta fara riƙewa shi ne yadda shari'a ta ɗauki wannan ɗan zane da muke yi a ƙasan takarda. A wurin alƙali, wadda ta sa hannu kamar ta miƙe ne a gaban jama'a ta ce ta san abin da ke ciki, ta kuwa yarda da shi. Ba ruwansa da ko ta karanta ko ba ta karanta ba. Wannan ƙa'ida daga shari'ar Ingila muka gaje ta, kuma har gobe lauyoyinmu suna kafa hujja da tsofaffin hukunce-hukuncen can a kotunan ƙasar nan. Biyu daga cikin waɗanda suka fi shahara duk mata abin ya faɗa wa, shi ya sa na ga ya dace in kawo muku su.

Ta farko wata mai gidan shan shayi ce a ƙasar Birtaniya. Wakilan wani kamfani suka sayar mata da na'urar nan da ake jefa kuɗi ta fito da taba, a kan za ta riƙa biya kaɗan-kaɗan. Suka ba ta takarda ta sa hannu. A cikin takardar, da rubutu ƙanana ƙwarai, an ce kamfani bai ɗauki wani alhaki ba ban da abin da aka rubuta a ciki. Ba a jima ba na'ura ta cije. Matar ta kai ƙara tana neman kuɗinta, ta ce ita ba ta karanta wannan wuri ba. A 1934 manyan alƙalai suka ce mata tun da hannunta ne a jiki, kuma ba wanda ya yi mata ƙarya game da abin da ke ciki, to maganar karatu ba ta taso ba. Ta yi asara.

Ta biyu ta fi ban tausayi. Wata tsohuwa ce a Ingila, ana ce da ita Misis Gallie, mijinta ya rasu, shekarunta 78. Ta yi niyyar ba ɗan ɗan'uwanta gidanta kyauta don ya sami abin jingina ya ja jari, da sharaɗin za ta ci gaba da zama a ciki har ƙarshen ranta. Abokin yaron ya zo mata da takarda ya ce ita ce ta kyautar. A lokacin tabaranta ya karye, ba ta iya karatu sai da shi. Ba ta ce a karanta mata ba, ta ɗauki alƙalami ta sa hannu. Ashe takardar cewa ta yi ta sayar wa shi abokin gidan a kan fam 3,000, waɗanda ko kwabo ba ta gani ba. Gogan naka ya kai takarda wani kamfanin ba da rancen gidaje, ya jinginar da gidan ya karɓi fam 2,000, ya kasa biya. Shari'a ta yi ta tafiya har ta kai kotu mafi girma ta ƙasar, wadda ta yanke hukunci a 1970, bayan tsohuwar ta riga ta rasu. Alƙalai suka ce lalle an cuce ta, amma masu ba da rancen ba su san an yi cuta ba, takarda suka gani da hannunta na gaskiya. Wadda ta sa hannu ba tare da ta nemi sanin abin da ke ciki ba, ba za ta ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba asarar.

Ku duba fa, ba baƙo ne ya shigo mata da takardar ba. Ta hanyar ɗan gida aka bi. Haka kuwa abin yake a wurinmu. Da wuya a ce ɓarawo ya tare mace a hanya ya ce ta sa hannu. Wanda ke kawo takarda shi ne wa, ko ƙane, ko ɗan miji, ko miji kansa, ana tsakiyar zaman makoki ko hidimar biki, ya ce, "Yaya, ba wani abu ba ne, ƙa'idar ofis ce kawai, mota na jirana." Ita kuwa tana jin nauyin ta ce a dakata ta karanta, kada a ce ba ta yarda da ɗan'uwanta ba. Bayan shekara biyu sai ta ji wai ta yafe rabonta na gona, ko ta wakilta wani ya sayar da shagon da uba ya bar mata. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce. Mai gaskiya ba ya fushi don an ce a karanta takarda, wanda ya yi fushi kuwa ya ba ki amsa ke nan. Ga mu Musulmi ma ai ba baƙon abu ba ne, tun da ayar da ta fi ko wace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

To, ina wadda ba ta yi boko ba? Doka ba ta manta da ita ba. Tun zamanin Turawa akwai dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, kuma jihohi suna da irinta. Abin da ta tanada shi ne, duk wanda ya rubuta takarda a madadin wanda bai iya karatu ba, dole ya sa sunansa da adireshinsa a jiki. Yin haka kuwa daidai yake da ya shaida cewa abin da aka gaya masa shi ya rubuta, kuma an karanta wa mai takardar an yi masa bayani kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Shi ya sa a takardun lauyoyi za ku ga wasu 'yan layuka a ƙasa, inda aka ce wane ya karanta wannan takarda ya fassara ta da Hausa ga wance, ta nuna ta fahimta, sa'an nan ta dangwala. Mai fassarar shi ma yana sa hannu. In takardar fili ce, a jihohi da yawa dokar rajista ta ƙara da cewa wanda bai iya karatu ba sai ya dangwala a gaban majistare ko wani jami'i irinsa kafin a karɓi takardar. Saboda haka in kin ga an bar waɗannan layuka, ki tambayi dalili. Kuma ke ce ya kamata ki zo da mai karanta miki, 'yarki ko wata malama da kika amince da ita. Kada ki bar wanda ya kawo takarda ya zama shi ne mai fassara ta.

Akwai wani tarko a nan wanda ya shafi mu 'yan Arewa musamman. A 1962 babbar kotun tarayya ta duba shari'ar kamfanin PZ da wani mutum wanda ya tsaya wa wani a kan bashi. Takardar da Turanci aka rubuta ta, shi kuwa Larabci ya iya, bai iya Turanci ba. Kotu ta ce tun da ya iya karatu da rubutu a wani harshe, ba ya cikin waɗanda dokar ta kare. Daga baya alƙalai sun karkata ga cewa harshen da aka rubuta takardar da shi ake dubawa, wanda a ganina shi ya fi kusa da adalci. Amma dai wadda ta yi makarantar allo ko Islamiyya, ko ta tsaya a aji shida tana iya rubuta sunanta, kada ta dogara da cewa gobe za ta ce wa alƙali ba ta jin Turanci. Iya rubuta suna da kyau yakan sa a ɗauka mutum ya iya karanta abin da ke sama da sunan.

Dangwale kuwa ba abin kunya ba ne, kuma ƙarfinsa ɗaya da sa hannu da biro. Ta wani fannin ma ya fi, domin ana iya kwaikwayon rubutun mutum, amma zanen yatsa ko na tagwaye ba ya zama ɗaya. Galibi babban yatsan dama ake amfani da shi, a rubuta sunan mai shi a gefe. Sai dai a kula tawadar kada ta yi yawa har zanen ya cuɗe, don in ya zama baƙin tabo kawai, ba mai iya tantance na wane ne ranar da aka yi gardama. Mu malamai muna ganin wani abu a makaranta, uwa ta zo karɓar sakamakon ɗanta ko cike takardar jarrabawa, ta ce, "Malama, sa mini kawai." Wannan ɗabi'a ita ce ke bin mutum har banki. Wadda ta saba wani na sa mata hannu, ba ta da bakin cewa ba ita ba ce ranar da aka sa mata a inda ba ta so.

Yanzu bari mu zo kan yadda ake yin abin in an zauna ido da ido. Takarda mai nauyi, kamar ta cinikin gida ko haya ko rance, ana buga ta kwafi biyu ko fiye, ko wane ɓangare da nasa. A karanta tun daga farko har ƙarshe, a duba sunaye, da adadin kuɗi a lamba da a kalmomi, da iyakokin fili, da kwanan wata. In akwai gurbin da aka bari ba a cike ba, a cike shi ko a ja masa layi kafin a sa hannu, domin gurbi ƙofa ce a buɗe. In an soke wata kalma an gyara da biro, duka ɓangarorin su sa ɗan hannu a gefen gyaran. Takarda mai shafi biyar kuma, a sa hannu a ƙasan ko wane shafi, kada a tsaya a na ƙarshe kaɗai, don ba wuya a zare shafi na biyu a sa wani. Farar takarda wadda ba kome a kanta kuwa, ko wane ne ya ce ki sa mata hannu zai cike daga baya, ki ce a'a. Kuma kada ki tashi daga wurin sai da kwafinki a hannu, wanda kowa ya sa wa hannu. "Za a aiko miki" ba kwafi ba ne.

Sai maganar shaidu, inda mata da yawa ke ruɗewa. Mai shaida abin da yake cewa kawai shi ne, "A gabana wance ta sa hannu." Ba ya ɗaukar bashin, ba ya ɗaukar alhakin abin da ke cikin takarda. Saboda haka dole ya kasance yana wurin ya gani da idonsa, ba a bi shi gida da takarda daga baya ba. Mai tsaya wa mutum kuwa, wanda a banki suke kira garanto, wannan wani abu ne dabam. Shi cewa yake, "In wane bai biya ba, ni zan biya." Sau da yawa akan zo wa ma'aikaciya mai albashi a ce ta taimaka ta yi shaida, alhali layin da aka nuna mata na tsayawa ne. In mai bashin ya gudu, ita za a kama, kuma ba a karɓar uzurin cewa ita shaida ta zaci ta yi. Ki karanta kalmar da ke saman layin kafin ki sa biro.

Takardar mallakar fili ko gida tana da ƙarin ƙa'ida. Za ku ga ɗan jan tambari mai kama da kwabo an liƙa kusa da inda ake sa hannu. Asalinsa hatimi ne. A da Turawa sukan narkar da kakin zuma su danna zobe a kai, kamar yadda sarakunanmu suke buga hatiminsu a wasiƙa don a san daga fada ta fito. Yau darajar hatimi ta ragu, har dokar kamfanoni ta 2020 ta ce ba dole ne kamfani ya mallaki hatimi ba. Abin da bai ragu ba shi ne yardar hukuma. Dokar filaye ta 1978 ta ce wanda ke riƙe da fili na birni ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina da bankin Savannah ya karɓa saboda ba a nemi wannan amincewa ba. In banki da lauyoyinsa sun faɗa wannan rami, ina ga ni da ke? Watau ko kin biya kuɗi, an sa hannu, mai unguwa ya shaida, aiki bai ƙare ba sai an biya kuɗin kan sarki, an sami amincewa, an yi rajista a ofishin filaye, irin su KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja.

Takardar rantsuwa, wadda muke yi don shaidar shekarun haihuwa ko canjin suna ko ɓatan takardu, a gaban kwamishinan rantsuwa na kotu ake sa mata hannu, ko gaban lauya mai hatimi na musamman wanda ake kira notari. Masu zama a bakin kotu suna cewa ki kawo kuɗi su shiga su fito miki da ita, amma ki tuna rantsuwa ce, in akwai ƙarya a ciki ke za a tuhuma. Wasiyya bisa dokar boko kuma tana bukatar shaidu biyu su kasance tare a wuri ɗaya lokacin da mai wasiyya ke sa hannu, sa'an nan su sa nasu a gabansa. Wanda aka bar wa wani abu a ciki kada ya yi shaida, shi ko matarsa, in ba haka ba rabonsa ya faɗi. Musulmi kuwa ya san wasiyyarsa ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa magaji sai da yardar sauran magada.

Duk waɗannan ƙa'idodi, shaidu da karantawa da zuwa gaban jami'i, in kun lura amfaninsu ɗaya ne. Suna ja wa mutum birki, su ba shi lokacin tunani, su sa idon wani a kan abin. To, sa hannu ta waya da kwamfuta ya zo ya ɗauke wannan birki. Mace tana kwance a ɗakinta da tsakar dare tana iya ɗaukar wa kanta bashi, ba shaida, ba mai karanta mata, ba wanda zai ce ta bari sai gobe.

Kada wata ta zaci wasa ne don ba tawada. Amurka ta yi dokar amincewa da irin wannan sa hannu tun 2000, Shugaba Clinton ma da wani kati na lantarki ya yi bikin sa mata hannu. A nan Nijeriya, dokar shaida ta 2011, a sashe na 93, ta ce inda ake bukatar sa hannu, na lantarki ya wadatar. Ta kuma ce ana iya tabbatar da shi ta hanyar nuna cewa akwai wani mataki na tsaro wanda dole sai mutum ya bi shi kafin ciniki ya wuce. Wannan mataki kuwa shi ne lambar sirrinki, da lambar nan mai amfani sau ɗaya da banki ke turowa ta saƙo. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, a sashe na 17, ta ƙara ɗaure abin. Ta ce sa hannu na lantarki a kan saye da sayarwa yana ɗaure mai shi, kuma in an yi gardama, wanda ya ce ba na mai shi ba ne, shi zai kawo hujja. Ku sake karanta wannan. In an ci bashi da wayarki da lambarki, ke ce za ki sha wahalar nuna cewa ba ke ba ce. Dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 10, ga wanda ya ƙirƙiri sa hannun wani, amma kafin a kama shi ke kin riga kin jigata.

Sa hannu na lantarki iri-iri ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne ki rubuta sunanki a ƙarshen saƙo, ko ki zana hannunki da yatsa a fuskar waya, ko ki latsa inda aka rubuta "na yarda". Akwai kuma wanda kamfanoni irin su DocuSign da Adobe ke gudanarwa. Za a aiko miki da takarda ta imel, ki buɗe, ki sa hannu a inda aka nuna, su kuwa suna ajiye bayanin ranar da aka buɗe, da sa'ar da aka sa hannu, da adireshin da aka yi amfani da shi. Wannan bayani shi ke tsayawa a matsayin shaida. Mafi ƙarfi shi ne mai makulli biyu na lissafi. Ɗaya na ɓoye ne, yana wurin mai shi kaɗai, ɗaya na fili ne, kowa na iya samu. In za a sa hannu, kwamfuta takan bi takardar harafi-harafi ta fitar da wata lamba wadda ta dace da wannan takarda kaɗai, ta kulle ta da makullin ɓoye. Wanda aka aika wa sai ya gwada da makullin fili. In an taɓa ko da sifiri ɗaya a cikin takardar bayan an sa hannu, lambar ba za ta yi daidai ba, nan take asiri ya tonu. Gaskiya wannan ya fi biro tsaro nesa ba kusa ba, muddin makullin bai fita hannun mai shi ba.

Nan kuwa gizo ke saƙar. Mu mata mun fi kowa sakaci da makulli. Mace ta miƙa wa mai POS katinta ta faɗa masa lambar sirri da ƙarfi a gaban layi. Ta ba ɗanta waya ya yi mata kome, shi ya san lambar, ita ba ta sani ba. Ta ba maƙwabci lambar BVN, wadda Babban Banki ya fito da ita a 2014, ko ta NIN, don wai za a sa sunanta a tallafi. Wani ya kira ya ce daga banki yake, ta karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Duk wannan daidai yake da ki ba mutum babban yatsanki ya tafi da shi kasuwa. Banki ba ya kira ya nemi wannan lamba. Haka kuma ɗaukar hoton sa hannunki a farar takarda ki tura wa wani ta WhatsApp don ya liƙa a fom, shi ma farar takarda ce kika sa wa hannu, don hoton yana nan a wayarsa, zai iya liƙa shi a takarda ɗari.

Ko ɗan hoton nan na babban yatsa da muke turawa ba tunani yana iya zama magana. A 2023 wata kotu a Kanada ta duba shari'ar wani manomi wanda mai sayen amfanin gona ya tura wa hoton yarjejeniya ta waya, ya ce ya tabbatar. Manomi ya mayar da alamar babban yatsa. Da farashi ya tashi bai kai kaya ba, ya ce shi nufinsa saƙo ya iso kawai. Alƙali ya duba yadda suka saba ciniki a baya, inda gajeruwar amsa ta waya ke ƙulla magana tsakaninsu, ya ce wannan alama sa hannu ce, ya umarce shi ya biya fiye da dalar Kanada 82,000. Hukuncin Kanada ba ya ɗaure alƙalinmu, amma masu sayar da atamfa da turare da kayan kicin ta waya sai su lura. In ba ki gama shawara ba, rubuta a fili cewa kin gani, za ki duba.

Manhajojin ba da rance na waya su ma ta wannan ƙofa suke shiga. Dogon rubutun da ke fitowa kafin a latsa "na yarda", wanda ba mai karantawa, a cikinsa ne ake sa kuɗin ruwa da tarar jinkiri, da izinin shiga lambobin mutanen da ke wayarki. In an makara da biya sai su bi surukai da abokan aiki da saƙon cin mutunci. Abin ya yi yawa har hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai wa wasunsu samame a Legas a 2022. Wannan rubutu shi ne jikan ƙananan haruffan da suka ci mai gidan shayi a 1934.

Ba ko wace takarda ce ake gamawa ta waya ba. Dokar 2015 ta ware wasu, ciki har da wasiyya, da takardar haihuwa da ta mutuwa, da al'amuran aure da saki da riƙon yaro, da takardun kotu. An yi gyare-gyare daga baya. A 2023 aka gyara dokar shaida aka yarda a yi rantsuwa ta hanyar na'ura mai sauti da hoto, a shekarar kuma aka yi sabuwar dokar notari wadda ta ba su damar yin aikinsu daga nesa. Wannan ya sauƙaƙa wa 'yan'uwanmu da ke zaune a Saudiyya ko Ingila suna son wakilta wani a gida. Duk da haka ofisoshin filaye galibi takarda suke so su gani da tawada. In wani ya ce miki an gama cinikin gida ko sakin gado ta WhatsApp, ki nemi lauya kafin ki saki kuɗi ko makulli.

Wadda ta riga ta sa hannu a abin da take shakka, ko ta ga an yi amfani da sunanta, kada ta zauna tana kuka a ɗaki, domin jinkiri yana raunana ƙara. In na banki ne, ta je reshe a ranar ta sa a toshe asusu da kati, ta rubuta ƙorafi, a buga mata hatimin karɓa a kwafinta. Kada ta goge saƙonnin waya ko ɗaya, su ne hujjarta. In na fili ne ko gado, akwai Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976 don marasa ƙarfi, tana da ofisoshi a jihohi, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA wadda ke taimaka wa mata marasa hali kyauta. In za ki je, ki tafi da kwafin takardar in kina da shi, da katin shaidarki, da sunayen waɗanda ke wurin ranar da aka sa hannu, da wanda ya karanta miki in an karanta.